Filtar da Na Wanke da Sabulun Salo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara wa kaina jama'a a garejin Bulus ba. Ko na so in manta ma, mutanen Tudun Wada ba za su bar ni ba.

Ni dai sana'ata mai ce. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun ina amarya har yau da haƙorana suka fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya. Ku ɗiga mini mai a tafin hannu, in murza, in shinshina, zan gaya muku ko mai suyar gyaɗar ta yi gyangyaɗi a bakin murhu. Da Allah ya buɗa, na sayi wata tsohuwar bas mai shan gas, autana Habu yake tuƙa ta (autan nan 'ya'yansa huɗu, amma a wurina har yanzu bai san komai ba). Ita take kai mini jarkoki shagunan unguwar Kongo da gidajen matan ma'aikata a Hanwa, ranar kasuwa kuma ta je ƙauye ta kwaso gyaɗa.

Mai gyaranta Bulus ne, ɗan wata ƙawata unguwarzoma, Allah ya ji ƙan rai. Mutum ne mai sanyin hali, har motocin wata makaranta a Hanwa shi yake duba su. A shekarar da abin ya faru ya sauke injin bas ɗin gaba ɗaya, ya gyara, ya mayar. Ranar da na je karɓa ya ce, "Inna, yanzu sabuwa ce. Abu biyu kawai take so: baƙin mai mai kyau da filta ta asali. Duk juyen mai a canza."

Yana faɗa yana jefa wani gwangwani cikin bola. Na ce mene ne wancan? Ya ce ita ce filtar, mai yana bi ta cikinta ta riƙe datti.

Na ce, "To ai mataci ne."

"Mataci ne, Inna."

"Kuma ka jefar?"

"Ba a maimaita ta."

A raina na ce maza ke nan. Wace macen kirki ce take jefar da mataci don ya yi baƙi? Wanke shi ake yi. Nawa na gida ya girmi matar Habu.

Lokacin ban daɗe da gama yaƙi da jahilci ba, duk rubutun da na gani sai na karanta shi, har na jikin buhun taki. Na kwafi lambar da ke jikin gwangwanin, na tafi kasuwar 'yan kayan mota da ƙafata. Wani mai shago ya fito mini da filta, lamba iri ɗaya, kala iri ɗaya, ga araha. Na ce ta asali ce? Ya ce, "Hajiya, ai duk uwa ɗaya ta haife su." Na sayi biyu. Na dawo gida na kafa doka: daga yau juyen mai a ƙofar gida za a riƙa yi, Habu zai yi da hannunsa, ni ce mai kawo mai da filta.

Ga yadda na tsara abina, kuma wallahi lokacin ji nake har gwamnati ya kamata ta zo ta koya. Ɗaya tana jikin mota, ɗaya tana hannuna. In an ciro ta jikin motar, sai in tafasa ruwa, in narka sabulun salo, in ɗura mata, in toshe da babban yatsa, in yi ta girgizawa. In cusa ɗan soso iya inda ya shiga. In goge bayanta da toka har ta yi ƙyalli, in shanya ta a kan rufin akurkin kaji, in mayar da ita kwalinta kamar yau aka fito da ita daga shago.

Sau ɗaya Habu ya kai ta hanci. Ya ce, "Inna, filtar nan ƙamshi take."

Na ce, "Ta kamfani mai tsafta ce. Ɗaura."

Ya ɗaura.

Muka yi watanni a haka. Sai wata Laraba, bas cike da buhunan gyaɗa, a wajen Dutsen Abba, jar wutar mai ta kama. Habu ya ce kafin ya sauka gefen titi injin ya fara ƙara kamar mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Sai jawo ta aka yi da igiya.

Ni kuwa ko mayafi ban gyara da kyau ba na isa garejin. Na tsaya a tsakiya, inda kowa zai ji (Allah ya ba ni murya, wannan ba na gardama a kai). Na ce Bulus ya sauke mini inji ya kwashe kayan kirki ya zuba ruɓaɓɓu. Na ce da uwarsa tana raye da kunya ta kashe ta. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. A gabana direbobi biyu suka tayar da motocinsu suka bar layinsa. Kafin Juma'a labari ya kai makarantar Hanwa, suka aiko masa cewa ya dakata da taɓa motocinsu tukuna.

Bulus bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Inna, kada mu yi musu. A ɗebi man a gwada." Ashe 'yarsa Rifkatu tana aiki a Kaduna, a wani wuri da ake auna baƙin man manyan injuna, kamar yadda ake ɗibar jinin mutum a asibiti a gano cutarsa. Na ce a gwada mana, ai mai ba ya ƙarya. Da hannuna na tara kwalba, na liƙe bakinta, na rubuta sunana a jiki don kada a yi mini musanye. Filtar kuma Bulus ya kwance ta ya ba shugaban gareji, Alhaji Tanko, ya kulle a akwatinsa.

Ranar da sakamako ya zo na ci ado. Na gayyaci maƙwabtana mata biyu su zo su ga yadda ake kama mugu. Na aika wa direbobin nan biyu su ma su zo. Duk ni na tara su, ba wanda ya sa ni.

Rifkatu ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta buɗe takarda. Ta ce, "Inna, akwai garin ƙarfe da yawa a cikin man."

Na juya na dubi jama'a. "Kun ji ko?"

"Injin ne ya ci kansa, don man da ke zagayawa ba tatacce ba ne. Akwai datti, akwai ruwa." Ta ɗan dubi babanta. "Sai kuma wani abu da sai da muka maimaita gwajin, don mun ɗauka kuskure ne. Kamar sabulu."

Na gyara tsayuwa kamar ban ji ba.

Alhaji Tanko ya fito da filtar, Bulus ya sa zarto ya yanke ta a gaban kowa. Ni duk zatona ƙarfe ne a ciki irin na rariya. Ashe takarda ce a nannaɗe. Ta narke ta cure wuri ɗaya kamar burodin da ya kwana a shayi. Bulus ya ce, "Da farko dai wannan ba ta asali ba ce, ba kuma ni na ɗaura ta ba. Takardar ƙunshin ƙosai ta fi wannan kauri. Na biyu kuma..." Ya sa yatsu biyu ya zaro wani abu dogo, ya ɗaga sama.

Zaren soso ne.

To, a nan da na yi shiru da na tsira, don idanu duk sun koma kan Habu, shi kuma ya buɗe baki yana kallon soson. Sai ɗaya daga cikin direbobin nan, wani mai tumbi, ya leƙa cikin gwangwanin ya taɓe baki.

Ya ce, "Kai, duk wanda ya wanke wannan ƙazami ne. Ko ɗauraya bai iya ba."

Ni? Ƙazama? Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kai, kama bakinka. Sau uku nake ɗauraye ta, kuma da ruwan zafi."

Garejin ya yi tsit, har mai buga guduma a can ƙarshe ya tsaya. Habu ya ɗora hannu a ka ya ce, "Inna!" Maƙwabtana suka ja mayafi suka rufe fuska, kafaɗunsu suna rawa. Alhaji Tanko ya yi gyaran murya, ya tambaye ni da ladabi, "Hajiya, wanka nawa ta samu ke nan?"

Na ce, "Uku. Ɗayar huɗu."

Nan fa aka fashe. Wani har da zama a kan taya yana share hawaye. Bulus kaɗai bai yi dariya ba. Ya jawo benci ya kakkaɓe, ya ce, "Inna, zauna, rana ta yi zafi." Wannan ya fi dariyar ci mini rai.

Ban zauna ba. Na ce da bakin da na ɓata, da shi zan gyara. Na koma daidai inda na tsaya ranar farko, na ɗaga murya daidai yadda na ɗaga, na ce Bulus bai ci amanata ba, ni na kashe injina da hannuna, kuma ya yafe mini maganar da na yi a kan mahaifiyarsa. Washegari na hau keke mai ƙafa uku na tafi makarantar Hanwa. Shugaban makarantar ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce don Allah in dakata, ya kira mataimakinsa in sake faɗa daga farko. Na sake. A satin suka mayar wa Bulus motocinsu.

Bas ɗina kuwa sai da aka sake sauke injinta, na yi wata guda ina raba mai a keke kamar sabuwar 'yar talla. Yanzu Bulus ne yake sayo filta, shi yake ɗaurawa, tsohuwar kuma a gabana yake sa guduma ya lotsa ta kafin ya jefar, wai don kada Shaiɗan ya raya mini wani abu.

Abin da na koya shi ne, daɗewa a gindin kasko ba ta mayar da mace bakanike. Kuma kafin ki tara shaidu, ki fara zama ki tambayi kanki a kan wa za su yi shaidar. Amma maganar ɗauraya ban janye ba. Mai tumbin nan har yau ina jiran ya zo ya ba ni haƙuri.