Yaƙin Tabarya

Da sunan Allah, Mai ɗaukaka wanda Ya so, Mai saukar da shi in Ya ga dama. Wannan tarihin Injiniya Tasi'u ne, ɗan Malam Ɗahiru mai gyaran agogo, jikan Ɗanladi mai awon hatsi, zuriyar da ba ta yarda da ido sai da ma'auni. Tasi'un da ya yi shekara bakwai a ƙasar Rasha, ya taka ƙanƙara, ya ƙoshi da lissafi, ya dawo Funtuwa da takardar shaida a gilashi da sanƙo a ka. Mai rubuta tarihin nan ba zai rufa masa asiri ba, ko da yake kullum da safe suna haɗuwa a madubi.

Musabbabin yaƙin ɗakin kaji ne. Gwarzon ya roƙi mahaifiyarsa, Inna Kulu, ta kwashe kajinta daga ɗan ɗakin da ke bayan madafa, domin ya kafa injin da ke juya itace ana fere shi. Inna ta yarda bisa sharaɗi guda: tabaryarta ta tsage, ya yi mata sabuwa kafin Sallah. In ya kasa, kaji su koma mulkinsu.

"Tabarya kawai, Inna?"

"Ita kawai, Injiniya."

Kwana goma sha biyu aka yi ana shirin yaƙi. Ya auna tsawon ɗaki da faɗinsa, ya auna ƙofa, ya auna tebur, ya auna ƙarfin janareton gidan da iyakar haƙurinsa, ya cika littafi guda da alƙaluman da ba a taɓa jin irinsu a unguwar ba. Sa'an nan ya ɗaura ma'auni a ƙugu kamar takobi, ya ɗauki hanyar Kano, bai zame ko'ina ba sai rumfar Alhaji Sambo mai injuna.

Sadaukai uku ya tarar a jere. Na farko ƙato ne, ƙofar ɗakin kaji ba za ta karɓe shi ba. Na biyu mayunwaci ne, zai kashe janareto tun kafin a yi bisimilla. Na uku gajere, kore, mai ladabi, ya dace da kowane alƙalami na littafin.

"Injiniya, me za a sassaƙa da shi?" in ji Alhaji Sambo.

"Alhaji, a inda ake ƙera inji na yi karatu!"

"To, Allah Ya ba da sa'a."

Ya shigo Funtuwa da ganimarsa a bayan a-kori-kura, yana yi wa kansa kirari tun da ba wanda ya yi masa: sai kai Tasi'u, dodon ƙarfe, mai korar zakara daga fadarsa, na Kulu ba ka sayen abu da ka! Aka kafa inji, ya zauna daram, ko ɗan yatsa bai kuskure ba.

Sai Inna ta fito da tsohuwar tabarya ta jingina ta a bango. Ta kai masa ƙirji. Bakin injin kuwa kamu ɗaya yake ɗauka. Shekara talatin da huɗu gwarzon yana jin sautin tabarya a tsakar gida, yana shan furar da ta daka, bai taɓa riƙe ta ba, balle ya auna ta.

Bai ja da baya ba. Kwana uku janareto na ruri, garin katako na tashi kamar ƙurar rundunoni, kaji na kallo daga gindin bango kamar sarakunan da aka tuɓe. Rana ta huɗu ya fito da tabarya sumul, mai ƙyalli, kamu ɗaya cif.

Inna ta karɓa, ta jujjuya, ta saka ta a turmi. Ko kanta bai leƙo ba.

"Ta yi kyau," in ji ta. "Yaushe za ta girma?"

Ranar jajibiri aka kawo sabuwar tabarya daga wurin Malam Iro masassaƙi, wanda gizago kaɗai ya mallaka, kuma bai taɓa wuce Zariya ba. Da la'asar kaji suka koma ɗakinsu. Zakara ya hau kan injin, ya ga ya yi masa daidai, har yau can yake kwana.

'Yar tabaryar ba ta lalace ba. Da ita ake tokare ƙofar ɗakin don kaji su riƙa shiga da fita. Duk baƙuwar da ta zo, Inna sai ta nuna mata.

"Ɗana ne ya yi. A Rasha ya koyo."