Ɗan Kirkin da Na Ƙera wa Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a gidanmu na unguwar Zahir a Makka, ina tsaye riƙe da farantin shayi, ana warware ƙaryata layi bayan layi a gaban mahaifina. Baba ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Da yana nan, shi zai riga ni ba da labarin, kuma ba zai rage komai ba.

A lokacin ina tuƙa motar masu Umra daga tashar Kudai zuwa Harami. Wata rana ina shara na tsinci littafi a ƙarƙashin kujera, bangonsa a yage. Na kai ofis, ya yi wata guda ba wanda ya nema, aka ce in ɗauka. Karatuna bai yi nisa ba, amma a Makka na girma, Larabci ba ya ba ni wahala. Wani Bayahude ne ya rubuta abin da ya same shi da mahaifinsa a yaƙin duniya na biyu, lokacin da 'yan Nazi suka tara mutanensu a sansani suna kashewa. Uban tela ne, mai yawan addu'a. Ɗan kuwa, yunwa da ganin gawarwaki sun sa ya fara yi wa Ubangiji tambayoyi masu nauyi.

A shekarar idon Baba ya riga ya tafi, amma kunnensa lafiya lau. Ya ji motsin takarda.

"Direba, me kake ɓoyewa?" (Haka yake kirana tun ranar da na samu lasisi.)

"Tarihi ne, Baba. Wasu mutane a Turai, da ɗa da uba, an kulle su."

"Musulmi ne?"

"Masu addu'a ne ƙwarai, Baba."

"To mayar min da shi Hausa. Rediyo ya ishe ni."

Haka muka fara, kullum bayan la'asar. Sai dai ni ban tsaya ga fassara ba, na shiga gyara. Inda yaron ya ce ya daina addu'a, sai in ce a zuci yake yi saboda masu gadi. Inda ya daka wa ubansa tsawa, sai in ce tsohon ne ba ya ji sosai. Babban aikina shi ne wurin burodi. Uban yana da ɗan ƙaramin littafin addu'a da ya ɗinke a cikin rigarsa. Yaron ya farke ɗinkin, ya sace, ya musanya da rabin burodi, ya cinye shi kaɗai. Ni kuwa na ce wa Baba wani ne ya sace littafin, yaron ya ba da burodinsa na kwana biyu ya fanso.

Na gaya wa kaina saboda hawan jinin Baba nake yi. Ba haka ba ne. Ni nake yi masa wanka, ni nake kai shi bayi, kuma na gaji. In na tashi aiki sai in zauna awa guda a wurin mai shayi a Kudai, in zo gida in ce zahma ce, wato cunkoson hanya, tunda ana ta aikin faɗaɗa Harami. Yaron littafin ya yi kama da ni fiye da yadda nake so, shi ya sa na wanke shi tas.

Abin da ban hango ba shi ne Baba zai ƙaunaci yaron. Har suna ya sa masa: Ɗan Albarka.

"Ka ji ɗan mutane? Ba takalmi, ba abinci, yana riƙe da ubansa. Kai da mota mai sanyi, dabino mai laushi ma ka kasa kawo min."

In na makara da ruwan alwala: "Ɗan Albarka da tuni ya kawo." In na yi tsaki: "Da mu aka kai can, tun a ƙofa za ka ce ba ka san ni ba." Na wayi gari ina kishi da yaron da ni na ƙera da bakina. Na yi ƙoƙarin rage masa daraja, wata rana na ce ya makara da tashi. Baba ya ce, "Gajiya ce. Kai wane dutse ka fasa?"

Ranar Juma'ar, Malam Sa'idu ya zo gaishe shi. Basakkwace ne, yana karatun hadisi a jami'a, mutum mai kunya da tsoron ƙara harafi ɗaya a kan abin da aka rubuta.

Baba ya ce, "Malam, ba ka san Ɗan Albarka ba. Direba, ba shi littafin ya maimaita min wurin burodin nan. Kai je ka haɗa shayi."

"Baba, Malam ya gaji."

"Malam bai tuƙa mota ba."

Tsakanin kicin da inda suke taku uku ne. Ban taɓa roƙon ruwa ya tafasa da sauri ba sai ranar. Ina ji Malam ya fara, ya tsaya, ya yi ƙasa da murya.

"Baba Alhaji, wanga labari na Yahudawa ne fa."

"An zalunce su ko ba a zalunce su ba?"

"An zalunce su, zalunci mai girma."

"To ci gaba."

Na fito da faranti daidai lokacin da yaron yake farke ɗinkin. Malam ya bi shi a hankali, kalma bayan kalma, har inda yaron ya cinye burodin a bayan bango. Ni kuwa ina tsaye riƙe da farantin.

Baba ya ce, "Malam, ba haka Direba ya karanta min ba."

Bawan Allahn ya duba gaban shafin, ya duba bayansa, ya dube ni. Ya so ya rufa min asiri. "Wataƙila bugu daban ne."

"Littafi ɗaya ne a gidan nan, Malam. Sai dai ko bugun Kudai."

Na so ƙasa ta buɗe. Malam ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Baba ya ce ya ƙarasa. A littafin, uban ya ga ɗinkin a buɗe. Ya zare zare daga hannun rigarsa ya mayar da ɗinkin. Kullum yakan ɗora hannu a wurin da babu komai, ya yi addu'arsa da ka. Washegari kuma ya raba burodinsa biyu, ya miƙa wa yaron rabi.

Baba ya share ido da gefen rawaninsa.

"Wannan shi ne yaron," in ji shi. "Wancan naka tun makon farko na san ba mace ta haife shi ba. In za ka yi ƙarya sai ka gyara murya sau biyu. Tun kana shekara biyar haka kake."

"To Baba, me ya sa kake ta goranta min shi?"

"Kai ka kawo shi gidana. Ai sai in ba shi aiki." Ya kurɓi shayin, ya yamutsa fuska. Na manta sukari. "Shi ma wannan ka gyara shi ne?"

Malam ya kasa riƙewa, ya yi dariya har da tari. Ina shirin gudu kicin Baba ya kamo bakin rigata.

"Zahmar nan ta Kudai da ke dawowa gida da ƙamshin na'ana'a, ka ci gaba da shiga cikinta. Wanke tsoho ba daɗi, na wanke nawa uban, na sani. Amma ka riƙa taho min da kofi ɗaya."

Washegari muka koma shafin farko, ba gyara. In yaron ya yi tambayoyinsa masu nauyi, Baba yakan yi istigfari, ya ce, "Allah ya fi mu sanin abin da idonsa ya gani. Ci gaba." Mun gama littafin. Bayan wata bakwai muka yi wa Baba salla a Harami.

Darasin da na samu ba mai zurfi ba ne. In har za ka ƙera ɗan kirki, kada ka kai shi gaban ubanka, don da shi za a dake ka. Kuma makaho da ya raine ka ba ya buƙatar ido ya karanta ka. Har yau in na tashi aiki ina tsayawa wurin mai shayin nan. Wani lokaci sai ya miƙo min kofi biyu kafin in tuna in ce ɗaya.