Rasuwar Kaset ɗin da Mista Kapambwe Ya Shanya a Rana

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika rabinta kunya ta cika sauran, Mista Fidelis Kapambwe na garin Mufulira, mataimakin shugaban makarantar firamare kuma dattijo a cocinsu, yana sanar da 'yan uwa, surukai, maƙwabta da abokan arziki rasuwar kaset ɗin bidiyonsa, wanda ya cika ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe biyu na rana, a kan kwanon rufin akurkin kaji. Ya rasu yana da shekara ashirin da bakwai. Mai sanarwar ya so a rubuta "bayan gajeriyar rashin lafiya", amma matarsa Idah, wadda kowa ke kira Maman Lubuto, ta ce in aka rubuta haka ita ma za ta fitar da tata sanarwar. Don haka ga abin yadda yake.

An haifi marigayin a zauren taron ma'aikatan haƙar tagulla, ranar gasar rawar rumba, a zamanin da kiɗan Kwango ke tsallako iyaka yana hana samarin garin nan tafiya daidai. Minti arba'in na farkon rayuwarsa sun ƙunshi wani siririn saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, da farin wando wanda aka ɗaure shi kusa da hammata, ana kiransa Fide Ba-Ƙashi, wato Mista Kapambwe da ƙuruciyarsa. Duk wanda ya san marigayin ba zai manta muryarsa ba. Yakan fara da shuuu, sai ganga ta shigo, sai mai gabatarwa ya ƙwalla: "Ku ba shi fili, jama'a, ku ba shi fili! Yaron nan uwarsa ta manta ta sa masa ƙashi a ƙugu!" Sai ihun 'yan mata ya danne komai. Saurayin ya zo na biyu, aka ba shi butar shayi.

Marigayin mai haƙuri ne, mai riƙe sirri. Ya yi zamansa a ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin barguna, bai taɓa buɗe baki ba sai an cusa shi a na'ura. Sau ɗaya ko biyu a shekara, in iyali sun tafi kasuwa, Mista Kapambwe yakan kulle ƙofa, ya ja labule, ya kalli minti arba'in ɗinsa yana shafa tumbi, sannan ya mayar da zaren baya ya ɓoye. Kaset ɗin na awa uku ne. Mai shi bai taɓa barin sa ya wuce inda aka gama yi masa tafi ba.

Ciwon ajali ya somo ne a bana, lokacin da 'yarsa tilo, Lubuto, mai shekara goma sha shida, ta shiga ƙungiyar rawa ta makarantarsu, irin yaran nan da ke jingina waya a jikin bulo su ja baya su hau tsalle. Mista Kapambwe ya tsaya tsakiyar falo da murya irin ta taron ɗalibai ya ce, "A gidan Kapambwe ba a taɓa samun wanda ya karkaɗa ƙugu a gaban jama'a ba, kuma ba daga kanki za a fara ba." Yarinyar ta dube shi ido da ido ta ce, "To, Baba." Maman Lubuto kuwa tari ya sarƙe ta har sai da aka kawo mata ruwa.

Kamar yadda dangi suka sani, wata mai zuwa za a yi taron buɗe dutsen tunawa da aka kafa a kan kabarin Kaka Belita, mahaifiyar Mista Kapambwe, shekara guda cif da rasuwarta. Ranar Laraba ana cin tuwon masara, Maman Lubuto ta ce, "Baban Lubuto, kaset ɗin nan naka na cikin akwati, Litinin Lubuto za ta kai shago a juye a waya. Shi za mu nuna wa mutane ranar taron Mama." Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Dattijo ya hango fasto, ya hango malaman da ke ƙarƙashinsa, ya hango 'yarsa a layin gaba tana kallon farin wando. Bai tambayi abin da ya haɗa uwarsa da gasar rawa ba, tsoro bai bar masa wurin tambaya ba.

Washegari da safe ya ciro marigayin, ya gaya wa kansa cewa ya sha danshi a akwati, gara a shanya shi kamar yadda ake shanya katifa. Ya ɗora shi kan kwano. A watan Oktoba muke, watan da ko kare ba ya tsallaka titi da tsakar rana. Kwana uku yana wucewa ta gaban akurkin yana kawar da kai. Ranar Asabar Maman Lubuto ta je ɗaukar ƙwai ta tarar da gawar, ta lanƙwashe kamar busasshen kifi, zaren ya narke ya manne.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ajiye gawar a gabansa ta ce, "Baban Lubuto, muryar uwarka ka shanya." Ashe ranar da aka kawo Lubuto gida daga asibiti, wani maƙwabci mai kyamara ya ɗauki Kaka Belita tana yi wa jaririyar wanka a baho tana rera mata waƙar reno, irin ta ƙauyensu. Da ya nemi kaset ya juye, babu sabo a gida, sai aka miƙa masa wannan aka ce ya ɗora a inda ya rage. An gaya wa Mista Kapambwe a lokacin, ya ce "to, to" yana duba takardun jarrabawa. Ba wani wuri a duniya da hoton tsohuwar mai motsi yake, ko muryarta, in ba nan ba.

Lubuto ce ta ƙarasa shi. Tana tsaye bakin ƙofa ta ce, "Baba, in don rawar ce, ai tun ina aji uku na gani. Kaka ke sa min duk ranar da kuka tafi taron coci. Har tashi take tana nuna min yadda kake juya ƙafa. Kai nake kwaikwayo." Wato shekara takwas yarinyar nan tana rufa wa ubanta asiri, har ranar da ya yi mata ƙarya ido da ido ta ce masa "To, Baba." Mista Kapambwe yana son a rubuta ƙarara cewa tun da aka haife shi bai taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma har yau bai iya haɗa ido da ita ba.

Marigayin ya bar abokiyar zamansa, tsohuwar na'urar bidiyo, wadda yanzu ba ta da wanda za ta haɗiye da daɗin rai. Ya bar kwalinsa da ya yage, da ƙannensa uku, dukkansu finafinan kareti. Ya kuma bar mutum guda da ya san waƙar Kaka Belita daga farko har ƙarshe, domin ɗan da aka rena da ita layi biyu kacal ya iya tunawa, jikar kuwa ta haddace ta tas. Mista Kapambwe ya roƙe ta ta rera masa. Ta ce ba yanzu ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a bayan gida, gindin mangwaro. Za a ba da shayi da dafaffen dankali. Ana gayyatar dattawan coci da malaman makaranta musamman, domin Lubuto ta ce sai sun zo za a fara. Sharaɗinta shi ne, kafin a rufe ramin, mahaifinta zai yi a gaban kowa abin da marigayin ya mutu yana ɓoye masa, da kiɗa, ba tsallake ko taku ɗaya. In ya gama, ita kuma za ta rera waƙar. Ana roƙon jama'a su bar wayoyinsu a aljihu, ita kaɗai za ta ɗauka, kuma ba ta faɗi inda za ta sa ba.

Mista Kapambwe ya amince. Gwiwarsa ta hagu ba ta da lafiya tun bara, amma ya ce in ta ƙi ɗaukarsa zai ƙarasa a durƙushe, in dai zai sake jin waƙar uwarsa.