Tabarmar Kawu a Ƙofar Otal

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa kawuna, limamin unguwa guda, ya zauna a ƙofar otal. Kuma wallahi ba iskanci ne ya kai ni ba, barci kawai nake nema.

Lokacin kuɗin fetur ya fara zuba, an yi mana ƙarin albashi, kowane ƙaramin akawu a Kaduna yana jin kansa wani ne. Ni ma na ɗinka wando mai faɗin ƙafa, na sayi takalmi mai tudu (irin wanda ke sa mutum tafiya kamar raƙumi a kan kwalta). Na ɗauki hutu zan tsallaka Maraɗi sayen turare da atamfa. Innata Hajara ta ce, "Ka sauka wajen yayana Malam Ilu. Kada in ji ka bi ta Jibiya ba ka kwana gidansa ba."

To, na san gidan Kawu. Baƙo ba ya hutawa a can. Tabarma za a shimfiɗa maka a zaure, mutanen unguwa su yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tambaye ka ya gajiya, ya tafi ya bar ka da wadda ta fi ta hanya. Ga shi motar da na shigo ta lalace kafin Katsina, a kan bencin tasha na kwana, sauro ya yi bikinsa a kaina. Na iso Jibiya bayan azahar idona kamar an zuba barkono. Sai na ƙulla dabarata: in kama ɗaki in yi barci yau, gobe in je gidan Kawu kamar yanzu na sauko daga mota.

Ina fita daga tasha wani ɗan kamasho ya ƙura mini ido. "Kai ba ɗan Hajara ba ne? Hancin ga na gidan Malam Ilu ne." Na yi masa wani gunaguni na wuce. (Da ina da hankali, nan zan gane an gama da ni.)

Otal ɗin yana tsakiyar gari, jikin kasuwa. 'Yan ɗakuna ne a jere, gadon ƙarfe, da fanka mai kuka in an tada injin wuta. A Kaduna otal wurin kwanan matafiyi ne. A Jibiya ta wancan zamani kuwa, in an ce wane yana otal, giya ake nufi da abin da ya fi giya. Mai wurin, Bitrus, mutumin Gangara, ya tambaye ni, "Maigida, ba ka da kowa garin ga?"

"Ba ni da kowa," in ji ni.

Ya dubi hancina, ya miƙo mini makulli.

Na roƙi a kawo mini ruwan wanka an jima, na tuɓe, na faɗa gado. Ban san iya barcin da na yi ba, amma bai kai ya shiga jiki ba aka buga ƙofa. Na ɗauka ruwan ne. Na fito da singileti da tawul a ƙugu, ina hamma. Bitrus ya ce, "Hito waje, ka yi baƙi."

Na leƙa ƙofar otal. Ga Kawu zaune a kan tabarma da rawaninsa da carbinsa, a bakin titi, don ya ƙi taka ko da dokin ƙofar. Gefensa dattawan unguwa a jere. Gabansu kwanonin abinci daga gidajen maƙwabta, har da ƙwaryar fura. Mashaya sun tura kwalabensu ƙarƙashin benci, kowa ya nutsu kamar a wurin ta'aziyya. 'Yan kasuwa kuma sun bar rumfunansu sun zo kallo.

"Sannu da zuwa, ɗan Hajara," in ji Kawu, ko ɗaga murya bai yi ba. "Anka ce mini nan ka sauka. To inda baƙo ya sauka, nan ake gaishe shi. Taho ka zamna."

Na ce bari in sa riga. Ya ce a'a, ai gida ne. Haka na durƙusa da tawul ɗina, aka fara. Ina gajiya? Ina mutanen Kaduna? Ina Hajara? Gaisuwar da na gudo wa ta biyo ni, ta ƙaro 'yan kallo.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni shi ne da wani tsoho ya juya wajen Kawu ya ce, "Malam, ko ɗakin baƙin naka ya rushe ne?" Sai a lokacin na gane ba ni kaɗai ake kallo ba. Garin nan kaf zai kwana yana cewa ɗan ƙanwar Malam Ilu ya zo, ya ga gidan kawunsa bai kai ya kwana ba.

Kawu ya ja carbinsa ya ce, "Ɗaki na nan lahiya lau. Fanka ce ba ni da ita."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tashi na sa kaya, na mayar wa Bitrus makullinsa. Kawu ya karɓi jakata da hannunsa, na yi na yi ya hana ni, ya ratsa kasuwa da ita ina biye ina tangaɗi a kan takalmina. Da muka isa ya buɗe ɗakin baƙi. A share yake tas, an shimfiɗa sabuwar tabarma tun ranar da Inna ta aika cewa ina tafe. Ya miƙo mini mafici ya ce, "Ga tamu fankar."

Da na koma Kaduna na sayi fanka mai tsada na aika masa, don neman gafara. Na manta unguwarsu babu wutar lantarki. Har ya rasu tana ɗakin baƙi, an lulluɓe ta da zane, kuma duk baƙon da ya sauka sai an nuna masa ita, an ba shi labarina.

Tun daga ranar, in gajiya za ta kashe ni, gara ta kashe ni a zauren dangi. Kuma ban ƙara cewa ba ni da kowa ba a garin da aka san hancina.