Hoton Ƙashin Bajona

Ba zan taɓa mantawa ba da lokacin da dangina suka fara yi mini zaman makoki alhali ina tsakar gida ina shan fura.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Bagudo, a ɗakin hoton ƙashi. Mai ɗaukar hoton shi ne Malam Garba, dattijo mai sanyin magana wanda furfura ta cim masa a gaban wannan na'ura. Ni aikina in gyara wa maras lafiya kwanciya, in wanke fim a ɗakin duhu, in babu kowa kuma in buɗe littafin soyayya a ƙarƙashin tebur. (A zamanin nan, duk namijin da ya amsa gaisuwata da murmushi, a wurina babi na ɗaya ya fara.)

Ɗakin yana can ƙarshen baranda, babu taga, ko da rana tsaka sanyi gare shi kamar bakin rijiya. Masu zuwa daga Kende da Geza, har da na tsallaken iyaka, da yawansu sai an lallashe su suke shiga. Wata tsohuwar Bafulatana ta taɓa riƙe ƙofa ta ce ita ba ta shiga inda ake ganin ƙashin mai rai.

Wata rana muka yi baƙo daga ƙungiyar masana da ke kare mutane daga hasken irin waɗannan na'urori, ƙungiya ce ta ƙasa baki ɗaya. Ya ce su ba hukuma ba ne, ba sa kama kowa. Suna dai zagaya ƙananan asibitoci suna koyar da ma'aikata, su duba bango da ƙofa, su ba da shawara. Dogo ne, da farin gilashi, ga murya kamar ta mai karanta labarai.

“Wannan haske ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa,” in ji shi. “Yana ratsa bango, ya ratsa mutum ya wuce, mutum bai sani ba.”

Tsikar jikina ta tashi. Daga nan kuma ban ƙara jin komai ba, domin ya daɗe yana bayani ni kuwa ina can ina zaɓa wa ƙawayena kalar anko.

Da zai tafi ya miƙo mini wani ɗan bajo na roba, bai fi kwalin ashana ba. Ya ce, “Ki maƙala shi a ƙirjinki kullum. Kada ki ara wa kowa, kada ki buɗe shi. In lokaci ya yi za a karɓa a karanta abin da ke ciki.”

A karanta! To me ake karantawa in ba rubutu ba? Kuma wane irin rubutu ne ake cewa budurwa ta ɗora a kan zuciyarta, kada ta buɗe? (Gaskiya ne an ba Malam Garba irinsa. Amma shi ba a kalle shi ta saman gilashi ba.)

Na yi haƙuri iya iyawata. Na ɗaga shi a rana, na girgiza shi a kunne, na shinshina. Sai wata azahar, Malam Garba ya tafi masallaci, asibiti ya yi tsit, dabara ta zo mini. An ce kada in buɗe, ai ba a ce kada in leƙa ba. Ga ni kuwa a ɗakin da ake ganin cikin abu ba tare da an tsaga shi ba.

Na kwantar da bajon a kan teburin marasa lafiya kamar jariri, na sa fim a ƙarƙashinsa, na koma bayan katanga na danna abin da nake ganin Malam yana dannawa. Na'urar ta yi wannan gunjin nata mai kama da nishin saniya. A ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila, na tsaya ina kallon fim a cikin ruwa. A hankali wasu fararen da'irori suka fito, da wani ɗan murabba'i a ƙasansu, kamar fuska mai idanu babu fatar ido, tana kallona daga ƙasan ruwa. Sai da na yi a'uziyya. Amma babu harafi ko ɗaya. Na ce ƙila ban saita daidai ba ne. Na sake. Washegari ma na sake, na kwantar da shi ta baya, na tsayar da shi ta gefe. Har na gaji, fuskar nan ce kawai take fitowa.

Lokaci ya yi aka karɓi bajunanmu aka aika birni, ni kuma na zauna jiran amsar soyayya.

Amsar ta zo wa shugaban asibiti ta waya. Na ga ya fito ofis fuskarsa ta sauya, ya dube ni ya kau da kai. Kafin la'asar an sa kwaɗo a ɗakin hoto. Aka ce bajona ya nuna na sha hasken da ya fi ƙarfin jikin ɗan Adam, na Malam Garba kuwa lafiya lau. Wato dai ko dattijon nan yana barina a gaban na'ura shi ya ɓuya, ko kuwa ya bar na'urar ta lalace bai faɗa ba. Ko wanne ne, aikinsa ya zo ƙarshe.

Wallahi ban haɗa wannan da abin da na yi ba. Ban san bajon yana ƙirga komai ba. Na yarda mutuwa zan yi.

A gida, Inna ta kama hannuna tana jujjuyawa. “Ɗiyata, ina ka miki ciwo? Mi anka zuba miki ga wanga ɗaki?” Na ce babu inda ke ciwo, sai ta ƙara fashewa da kuka, wai irin wannan shi ne mugun. Gwaggonnina suka zo suka jeru a tabarma ba mai magana. Wanda ya shigo sai ya rage murya. Mai babur ɗin da ke kai ni aiki ya ce tayarsa ta yi faci, alhali ina ganinta a cike. Kowace safiya ina duba matajina in ga ko gashi ya fara zuba, ina kallon inuwata a bango in ga ko ta rage kauri. (In faɗi gaskiya, akwai ɗan daɗi a ciki. Na riga na tsara yadda mai farin gilashi zai iso a makare, ya durƙusa a bakin gadona.)

Ya iso kuwa, tare da wata Hajiya babba a ƙungiyarsu, doguwar mace marar yawan dariya. Aka buɗe ɗakin. Suka kunna na'ura, suka bi bango da ƙofa da wurin tsayuwata da wani abin awo mai ƙara ƙyat-ƙyat kamar ƙadangare a kan kwano. Muna tsaye a baranda, ba ka jin komai sai wannan ƙarar.

Mai gilashi ya fito ya dubi jama'a, ni ina gabansa kamar in taka masa takalmi. Ya ce, “Wace ce ma mai bajon nan?”

Wannan ce mutuwar farko.

Hajiya ta ce bango lafiya, na'ura lafiya. Shugaban asibiti ya juya ga Malam Garba ya ce to saura shi ke nan, ya ba da makulli.

“Ranka ya daɗe,” in ji Malam, “tun da nike wanga aiki ban taɓa barin ɗiyar mutane gaban na'ura ba. Allah na gani.” Ya shiga laluben aljihu.

“Dakata, Baba,” in ji Hajiya. “Shi ya sa muka zo da kanmu, kada a yanke wa mutum hukunci a kan lamba kawai. Bajon nan yana shan haske ne kamar yadda soso ke shan ruwa, mu kuma mu auna abin da ya sha. Shi ne karantawar. Abin da wannan ya sha kuwa, da a jikinta yake da ba ta tsaya haka da ƙafafunta ba. Sai ka ce an kwantar da shi a tebur an yi ta harbinsa.”

Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Makullin Malam Garba ya riga ya fito, yana tafin hannunsa.

“Ni ce,” na ce.

“Ke ce me?” in ji Hajiya.

“Ni na ɗauke shi hoto.”

“Bajon? Ƙashinsa ne ya karye?”

“An ce… an ce za a karanta abin da ke ciki. Na zaci wasiƙa ce.”

“Daga wa?”

Idona ne ya ci amanata. Kowa ya bi shi da kallo har kan mai farin gilashi, wanda ya ja da baya kamar an watsa masa ruwan zafi. Wata nas ta toshe baki da mayafi ta ruga bayan gini, muna jin dariyarta daga can. Aka sa na ɗauko finafinan daga jakata, Hajiya ta ɗaga su a rana ɗaya bayan ɗaya, ta ce wanda na ɗauka ta baya ya fi fitowa da kyau.

Malam Garba ya mayar da makullinsa aljihu a hankali. Ya dube ni ya ce, “Ɗiyata, da kin tambaye ni. Ni ma hwa an ba ni, kuma ban ga alamar mai gilashin yana sona ba.”

Aka buɗe ɗakin hoto a ranar, layin masu jira har bakin ƙofar asibiti. Hajiya ta zaunar da ni ta sake yi mini bayanin daga farko, tana tsayawa tana cewa in maimaita, ta kuma ce daga yau duk inda 'yan ƙungiyarsu suka je raba bajo, za su riƙa cewa “aunawa”. Gwaggonnina suka naɗe tabarmarsu, ɗaya tana mitar kuɗin babur da ta kashe a banza.

Da zan koma aiki, Malam ya rataya mini rigar dalma mai nauyi da ake sawa don tare haske, ya gyara mata zama a kafaɗata. Na fahimci abu guda a ranar: masana sun ƙera abin da ke kare ƙirji da ciki daga abin da ido ba ya gani, amma abin da ya kusa cinye aikin dattijon nan daga cikin kaina ya fito, kuma har yau ƙungiyar ba ta samo hular da za ta tare shi ba.