Na'urar da ke Jiran Almakashin Oga

Jiya na rufe shagona na raka maƙwabcina Ɗangoggo daga Uke zuwa wani asibiti a Garki. Mun tafi da takardar gwaji, mun dawo da ita, sai ƙarin ciwon ƙafa.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, da ƙyar ya miƙe. Likita ta ce zuciyarsa ce ke bugawa ba tsari, jini ya daskare a cikinta, gudan ya haura ƙwaƙwalwa ya toshe hanya. In bai riƙa shan maganin tsinka jini ba, ciwo na biyu na tafe, kuma ba kowa na biyu yake bari ba.

Ta ba shi zaɓi. Akwai sabon magani da ba ya buƙatar yawan gwaji, amma kuɗinsa sai mai tuta a mota. Akwai tsoho, wafarin, mai sauƙin kuɗi, sai dai dole a riƙa auna jini a kai a kai: in maganin ya yi kaɗan jini ya daskare, in ya yi yawa ya ƙi tsayawa. Ɗangoggo, mai gyaran takalmi, ya zaɓi wanda talauci ya riga ya zaɓa masa.

Kwana uku ke nan dasashinsa na zubar da jini, shi ya sa muka je.

Na'urar gwajin tana nan, jama'a. Da idona na hango ta ta taga, sabuwa dal cikin leda, an ɗaure ta da jan ƙyalle. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Mai riƙe da makullin ɗakin ya ce wata bakwai ke nan, ba mai taɓa ta sai Mai Girma Babban Oga, Garkuwan Majinyata, ya zo ya yanka ƙyallen. An kafa rumfa sau uku, an cinye shinkafa sau uku, Oga bai zo ba. Madalla da wannan tsari! Da wani ƙaramin ma'aikaci ya kunna ta ba kyamara, ai lafiyar ma ba za ta yi albarka ba.

Ɗangoggo ya ce, "Yallaɓai, to yau in sha ƙwayar ko in bari?"

"Baba, ni makulli ne aikina."

Raina a ɓace na tambayi ranar zuwan Oga. Mutumin ya rage murya ya ce an fita da shi waje, irin ciwon Baba ne ya same shi, hannun dama ya shanye.

Tun jiya ba wanda ya kai Ɗangoggo yi wa Oga addu'a. Allah ya warkar da hannun, ko da yatsu biyun da ke riƙe almakashi ne.