Ɗanliti da Murar da Ta Ƙi Kama Shi

A Tungar Maƙeri akwai wani saurayi, Ɗanliti, wanda in ka ce masa ya riƙe bakinsa, hannu zai sa ya riƙe. Su uku ne a gida, shi da Innarsa Ladiyo da kakarsa Iya, tsohuwar da ƙirjinta ke kuka kamar tsohon zuga-zugi. Sai ga wansa Sabi'u ya dawo daga Fatakwal ana tsakiyar marka, da jaka mai taya da guntun Turanci. Ko hutawa bai gama ba ya kwanta: jiki zafi rau, kai na sara, gaɓoɓi kamar an daka, ga atishawa da tari.

Gida ya cika da 'yan dubiya. Wannan ya ce, "Sannu, Sabi'u," wancan ya ce, "Ya jikin?" Inna ta yanka zakara, ta dafa shayi da citta da lemon tsami. Ɗanliti na gindin turmi yana haɗiyar yawu. Tun da aka haife shi a gidan nan yake, shi ne ruwa, shi ne itace, amma ba wanda ya taɓa karya wuya ya ce masa sannu. Ya ƙudura a ransa sai ya ji wannan sannun.

Wata rana ya ce, "Inna, me Yaya ya yi ake ta lallaɓa shi?"

"Mura ce ta kama shi."

"A ina ta gan shi?"

"Yawo take a gari, wawa."

Ya sa rigarsa ta Sallah ya nufi kasuwa yana tambaya, "Don Allah kun ga Mura?" Wani mahauci mai nauyin kunne ya nuna masa Murja mai ƙosai. Ɗanliti ya tsaya a gabanta ya ware hannuwa. "Baƙo kika kama, kika bar ɗan gari. To ga ni, kama ni!" Murja ta kama shi kuwa, da bayan matsamin ƙosai. Ya koma gida da ƙulu a goshi yana jiran sannu. Inna ta dube shi ta ce, "Allah ya ƙara."

Wata rana malamar asibiti, Malama Asabe, ta zo duba Sabi'u. Ta ce ya kwanta ya huta, ya yi ta shan ruwa, a ware masa kofinsa, ya riƙa rufe baki in zai yi atishawa. Ta ba da ƙwayar zazzaɓi, ta ce, "In numfashi ya yi masa wuya, ko zazzaɓin ya ƙi sauka, ku kawo shi asibiti, kada ku jira." Ɗanliti ya ji tausayin zazzaɓi. Ta yaya zai sauka daga gado mai tsawo haka? Ya ari tsani a maƙwabta ya jingina da gadon, ya zauna a ƙasa ya buɗe cinya, don in ya sauko ya faɗo a kansa. Sabi'u ya juya cikin barci ya hankaɗe tsanin, tsani ya bi ta kan kwanon farfesu.

"Wane ɗan iskan ne wannan?" in ji Sabi'u.

"Kai dai rowa ce da kai, Yaya. Ka riƙe mura, ka riƙe zazzaɓi, ko ɗaya ba za ka sam min ba."

Wata rana Malama Asabe ta dawo ta tarar Sabi'u ya fara tashi. Ta leƙa ɗakin Iya, ta fito fuskarta ba walwala. "Saurayi yana wartsakewa, amma in murar ta shiga ƙirjin tsohuwar nan, sai dai wani ikon Allah. A hannu take tafiya, da cikin atishawa. Ɗanliti, tsaya mata a ƙofa, kada ka bari mura ta shiga."

Abin ya ƙona masa rai. Wato har Iya, mai haƙori biyu, tana gabansa a layi! Ya ce in dai ta ƙofar nan za ta bi, to da shi za ta fara gamuwa. Ya kawo kwarya da buta da sabulun salo ya toshe ƙofa. Duk wanda ya zo gaida Iya sai ya cafke hannunsa ya dirje, ya leƙa cikin kumfa ko ta fito. Wanda ya yi atishawa kuwa, ko zaure ba ya bari ya wuce. "Je ka gida ka fito da ita, ka aiko min."

Ya kori 'yar'uwar Inna da ta taso daga wani ƙauye. Ya mayar da mai unguwa da hanci na zuba. Sabi'u ya zo da turmin atamfa zai miƙa wa Iya tsaraba, yana ɗan tari.

"Matsa, ni ne fa."

"Na san kai ne. Ai kai ne ubangidanta."

Inna ta bi gida-gida tana ba da haƙuri, tana cewa ai kun san halinsa.

Kafin marka ta ɗauke, mura ta zaga unguwar kaf. Tsofaffin maƙwabta a amalanke aka kai su asibiti, mai unguwa kansa sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Iya kuwa ko atishawa. Shi ma Ɗanliti, da yake hannunsa bai rabu da sabulu ba, murar ko kallonsa ba ta yi ba, abin da ya fi komai ɓata masa rai.

Ran nan da yamma Iya ta kira shi, Inna da Sabi'u na zaune. Ta kama hannunsa da sabulu ya sa ya yi fari fat, ta shafa, ta karya wuya.

"Sannu, Ɗanliti. Sannu ka ji, ɗan nan."

Ɗanliti ya lumshe ido, ya zame a hankali ya kwanta a kan tabarma, ya ƙanƙance murya.

"Da sauƙi," in ji shi. "Iya, ƙara faɗa, Yaya bai ji ba."